Anti, Jawabina Na Minti Shida Ya Koma Minti Goma Sha Uku

Wasiƙar wannan makon daga wata ɗaliba ta fito. Ga abin da ta rubuto, na ɗan rage tsawonsa:

"Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce 'yar shekarar farko, kuma cikin darussanmu akwai na koyon magana a gaban jama'a. An ba kowannenmu aikin gabatar da jawabin ilimantarwa na minti shida, saura kwana goma sha biyu a kira ni. Na zaɓi zazzaɓin cizon sauro. Na tara bayanai har shafi goma sha huɗu daga intanet, na rubuta jawabin tsaf, amma da na gwada karantawa sai ya kai minti goma sha uku. Na nuna wa malaminmu, ya ce abin da na rubuta ya fi kama da wa'azi. Na yi ƙoƙarin haddacewa, da na tsaya a gaban ƙawayena biyu sai kaina ya ɗauke a layi na huɗu, hannuna yana ta rawa. Anti, in sauya batu ne? Ko in ci gaba da hadda? Wallahi abin ya hana ni barci."

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Kada ki sauya batu, kuma ki dakatar da haddar nan tun daga yau. Kwana goma sha biyu sun ishe ki har da ragi. Wadda ta zauna ta tara shafi goma sha huɗu, ta rubuta, ta kai wa malami ya duba, ta kuma gwada a gaban ƙawayenta, ta riga ta yi aikin da wasu ba sa tunawa da shi sai daren jajibiri. Abu guda ne ya karkace miki. Kin fara daga tarin bayanan da ke gabanki, kina neman yadda za ki cusa su duka cikin minti shida. Inda ake farawa shi ne kunnen wanda zai saurare ki.

Ki ɗauka kin gama jawabin, an tashi daga aji, wata 'yar ajinku ta fito ta haɗu da wadda ba ta samu shiga ba. Ta tambaye ta, "Me ta ce?" Amsar da za ta bayar ita ce jawabinki gaba ɗaya. In ta ce, "Ta dai yi magana a kan maleriya," to iska ta kwashe wahalarki. In kuwa ta ce, "Ashe ƙwayar cutar sai ta fara ɓuya a hanta kafin ta shiga jini, shi ya sa mutum ba ya jin komai a kwanakin farko," kin ci nasara, ko da muryarki ta yi rawa a hanya. Saboda haka aikinki na daren nan shi ne ki rubuta wannan amsar da kanki, jimla ɗaya tak, a saman farar takarda.

"Zan yi magana a kan zazzaɓin cizon sauro" ba ta isa jimlar ba, wannan sunan littafi ne guda. Cutar tana da tarihi, tana da alamomi, magunguna, rigakafi, ƙididdiga, asarar da take jawo wa tattalin arziki, kowanne kuma zai iya cinye awa guda shi kaɗai. Da ni ce ke, ga abin da zan rubuta: "Ƙwayar da ke kawo zazzaɓin cizon sauro tana yin tafiya mai zango uku, daga yawun sauro zuwa hanta, daga hanta zuwa jini, daga jini ta sake komawa cikin wani sauron." Kin ga jimlar nan ta zo da tsarinta a goye. Zango uku, batu uku. Yanzu ki ɗauko shafukan nan goma sha huɗu da biro a hannu. Duk sakin layin da kika karanta, ki tambayi kanki ko yana taimaka wa mai sauraro ya gane wannan tafiyar. In ba ya taimakawa, ki ja masa layi ki wuce.

Na san wannan ne wuri mafi ciwo. Akwai bayanin da kika sha wuya kafin ki same shi, akwai wanda ya burge ki har kika ce lallai sai kowa ya ji. Amma taura biyu ba ta taunuwa. Ki ajiye su a wata takarda daban, ba asara kika yi ba: in an buɗe fagen tambayoyi bayan jawabi, daga nan za ki ɗebo amsa, kuma a lokacin ne malami zai gane cewa saninki ya zarce abin da kika faɗa.

Sai maganar da malaminku ya yi ta wa'azi. Gaskiya ya faɗa miki, kuma gyaran ba shi da wuya. Jawabin ilimantarwa aikinsa ya sa mutum ya gane abu. Jawabin jan ra'ayi kuwa so yake mutum ya amince ko ya tashi ya aikata wani abu. A darasi irin naku akan raba su, kowanne da ranarsa da ma'aunin makinsa. Ki bi rubutunki ki zagaye duk inda kika ce "ya kamata mu", "dole ne", "ina kira ga", "mu daina sakaci". Na tabbata za ki same su da yawa, domin wanda abu ya dame shi bakinsa yakan karkata wajen gargaɗi ba tare da ya lura ba. Sai ki juya kowanne ya zama bayani. Maimakon "Dole kowa ya riƙa kwana cikin gidan sauro," ki ce, "Irin sauron da ke ɗauke da wannan cuta ya fi cizo daga faɗuwar rana zuwa ketowar alfijir, shi ya sa gidan sauro ke tare shi daidai lokacin da ya fi fita neman jini." Ba ki umarci kowa ba, amma wanda ya ji wannan ya san abin da zai yi da shi. Ki yarda da hankalin masu sauraronki, su ma manya ne.

Batunki yana da wani tarko da nake so ki lura da shi: kowa a ajin gani yake ya san maleriya. Da kin fara da cewa sauro ne ke kawo ta, tana sa zazzaɓi da ciwon kai, idanu za su koma kan waya. Kafin ki sake rubuta komai, ki tari mutum uku cikin 'yan ajinku ki yi musu tambaya ɗaya: "Bayan sauro ya ciji mutum, ina ƙwayar cutar take fara zuwa?" Ki saurari amsoshinsu da kyau. Inda saninsu ya tsaya, nan jawabinki zai tashi. Ina kyautata zaton da wuya ki sami wanda zai ambaci hanta.

Akwai kuma tarko na biyu, kishiyar na farko. Ke yanzu kin yi kwanaki kina karatu a kan abin, har kin manta yadda kanki yake kafin ki sani. A 1990 wata ɗalibar digirin digirgir a Jami'ar Stanford ta Amurka, Elizabeth Newton, ta yi wani gwaji mai sauƙi. Ta sa wasu su ƙwanƙwasa kiɗan sanannun waƙoƙi da yatsa a kan tebur, wasu kuma su saurara su faɗi wace waƙa ce. Masu ƙwanƙwasawar sun yi hasashen za a gane kusan rabi. Cikin waƙoƙi 120, uku kacal aka gane. Dalili kuwa shi ne mai ƙwanƙwasawa yana jin waƙar tana tashi a cikin kansa, mai sauraro kuwa ƙwas-ƙwas kawai yake ji. Haka za ta kasance in kika tsaya kika jero sunayen Latin na matakan ƙwayar cutar. Ke kina ganin hoton a zuciyarki, su kuwa sauti ne ke wuce kunnensu. Sunaye biyu sun isa: Plasmodium, ita ce ƙwayar cutar, da Anopheles, shi ne sauron. Ki faɗi kowanne a hankali, ki bayyana shi nan take, ki rubuta shi a allo in da hali. Sauran ki faɗe su da maganar yau da kullum.

Ki tuna kunne ba ido ba ne. Mai karatu in ya ɓace sai ya koma baya ya sake bin layin. Mai sauraro ba shi da wannan damar, in kin wuce shi kin wuce. Kuma abin da kai ke iya riƙewa a lokaci guda kaɗan ne. Masanin halayyar ɗan'adam George Miller ya ƙiyasta shi da abu bakwai ko kusa da haka a 1956, daga baya wani masanin, Nelson Cowan, ya nuna a 2001 cewa ya fi kusa da huɗu. Wannan ne ya sa masu koyar da jawabi suke nacewa a kan batu biyu zuwa huɗu. Naki uku ne, ya yi daidai.

Hanyoyin jera batutuwa suna da yawa: akwai bin lokaci, akwai bin wuri, akwai dalili da sakamako, akwai rarraba abu kashi-kashi. Ke ba ki da wahalar zaɓi, tunda tafiya kike ba da labarinta, sai ki bi ta daga fari zuwa ƙarshe. Abin da zan daɗe a kai shi ne yadda za ki cika kowane zango, domin nan ne ɗalibai suke zuba bayani a bushe kamar ana karanta jerin kaya. Bari in nuna miki yadda zango na biyu zai iya fita daga baki:

"To, ƙwayar ta shiga jiki. Za ku zaci nan take za ta afka wa jini. A'a. Kai tsaye hanta take nufa, ta shige cikin ƙwayoyin hantar ta yi lamo. Tana nan kimanin mako guda tana hayayyafa, guda ɗaya ta zama dubbai, mutum kuwa yana ta harkokinsa lafiya lau, bai san yana da baƙo ba. Sai rannan su fashe su kwararo cikin jini, su shiga jajayen ƙwayoyin jini, su sake hayayyafa a ciki har ƙwayar jinin ta fashe. A nau'o'in ƙwayar cutar da suka fi yawa, wannan zagaye yakan ɗauki kamar kwana biyu. Fashewar nan ce ke tayar da zazzaɓi da rawar sanyi, shi ya sa wani lokaci za ku ga jikin mutum ya yi zafi, ya lafa, ya sake dawowa."

Kin ga abin da ke ciki? Gajerun jimloli. Tambayar da mai sauraro zai yi a ransa, an riga shi faɗa. Abin da ya sani, wato zazzaɓi mai zuwa yana komawa, an ɗaura shi da abin da bai sani ba. Kowane zango ki nema masa irin wannan mahaɗi. A zango na farko, me ya sa macen sauro ce kaɗai ke cizo? Domin jini take buƙata ƙwan da ke cikinta ya ƙosa. A zango na uku, ƙwayar ba ta shirya kama wani mutum nan take, sai ta yi kwana goma ko fiye tana girma a cikin sauron kafin ta isa yawunsa. Irin waɗannan ne mutum yake tafiya da su gida.

Tsakanin zango da zango kuma ki sanya alama da baki, kada ki ji kunyar maimaici. "Mun ga yadda ta shiga jiki. Yanzu ina ta nufa?" A rubuce wannan zai yi kama da ɓata wuri, amma a magana shi ne hannun da kike riƙe mai sauraro da shi.

Gabatarwa ki bar ta sai ƙarshe, bayan jikin jawabin ya tsaya da ƙafarsa. Abu biyu nake roƙonki kada ki buɗe da su: ban haƙuri, irin su "ban shirya sosai ba" ko "ni ba gwanar magana ba ce", da kuma ma'anar kalma daga ƙamus. Batunki yana da mabuɗi mai kyau a tarihinsa. Sunan maleriya daga Italiyanci ya fito, ma'anarsa gurɓatacciyar iska, domin shekaru aru-aru mutane sun ɗauka iskar fadama ce ke kawo cutar. Sai a 1880 wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, ya ga ƙwayar a cikin jinin majinyaci a Aljeriya. Ranar 20 ga Agusta, 1897 kuma Ronald Ross, likita ɗan Birtaniya da ke aiki a Indiya, ya gan ta a cikin tumbin sauro. Ki faɗi wannan cikin jimla uku ko huɗu, sannan ki ce, "Yau zan bi da ku hanyar da wannan ƙwaya take bi, zango uku: sauro, hanta, jini." Cikin daƙiƙa arba'in da biyar kin ja hankali, kin faɗi batu, kin nuna hanya. Rufewa ma kada ta fi haka tsawo. Ki maimaita zangon uku, ki koma kan iskar fadamar da kika fara da ita, ki yi shiru, ki yi godiya. Kada ki ƙare da "shi ke nan abin da nake da shi", kuma kada sabon bayani ya shigo a nan.

In kin cire gabatarwa da rufewa, minti huɗu da rabi ya rage miki, wato minti ɗaya da rabi ga kowane zango. Masu koyar da jawabi da Turanci sukan lissafa kalma 120 zuwa 150 a minti ɗaya, kin ga minti shida bai wuce kalma 900 ba ko an yi sauri. Amma kada ki dogara da lissafin wani. Ki kunna agogon wayarki, ki yi magana yadda kike yi in kina yi wa ƙanenki bayani, ki ƙirga abin da ya fita a minti guda. Wannan ne ma'auninki.

Game da bayanan da kika kwaso daga intanet, ki tace su. Shafuka goma na iya faɗin abu ɗaya alhali duk daga wuri guda suka kwafa, in wurin ya yi kuskure duk sun yi. Duk adadi ko shekara da za ki furta, ki bi shi har tushe: Hukumar Lafiya ta Duniya, littafin karatu na fannin, ko mujallar bincike. In wata manhaja ce ta tattaro miki bayanin, shi ma sai kin tabbatar da shi daga tushe kafin ya fita bakinki. Kuma a jawabi ana faɗin majiya da baki, a cikin jimlar: "A cewar Hukumar Lafiya ta Duniya, alamomin cutar sukan fara bayyana kwana 10 zuwa 15 bayan cizon." Wannan yana kare ki daga zargin satar aikin wani, yana kuma sa a yarda da ke. In za ki kawo ƙididdigar masu kamuwa, ɗaya ta isa, ki faɗi shekararta, tunda irin waɗannan alƙaluma suna sauyawa daga rahoto zuwa rahoto. Tarin lambobi a jere ba ya zama a kan kowa.

In an yarda ku nuna hoto, guda ɗaya nake ba ki shawara: zane mai sauƙi, sauro, hanta, ɗigon jini, da kibiyoyi suna zagayawa. Gani ya kori ji. Ya zama babba yadda na bayan aji zai gani, kuma ki nuna shi da hannu kina fuskantar mutane, ba ki juya musu ƙeya kina karanta allo ba.

Yanzu ga hadda. Malaman balaga na tsohuwar Rum, irin su Sisero, sun kasa aikin mai jawabi gida biyar: nemo abin faɗa, jera shi, zaɓar kalmomi, riƙe shi a ka, sannan isar da shi. Ke kin yi na farko da kyau, sai kika yi tsalle zuwa na huɗu, kika bar jerawa a baya. Abin da ba a jera ba kuwa nauyi ne da shi a ka. Sannan hadda kalma bayan kalma kamar sarƙa take, kowace jimla tana rataye da ta gabanta. Da zobe ɗaya ya ɓalle, sauran sun zube. Abin da ya same ki a layi na huɗu ke nan, ba wai kanki ne ba ya ja ba.

Hanya za ki riƙe a ka, kalmomi kuwa su zo da kansu. Wanda ya san hanyar gidansu ba ya haddace yawan takun da zai yi. Ki shirya takarda biyu. Ta farko cikakken tsari ne, da jimlar nan taki a sama, batutuwa uku, hujjojin kowanne da majiyarsu. Ita ce ake miƙa wa malami in ya nema. Ta biyu ƙananan katuna ne, huɗu ko biyar, masu kauri, girman tafin hannu. A kowanne kalmomi kaɗan da manyan baƙaƙe, a fuska ɗaya kawai, da lamba a kusurwa don kada su cakuɗe. Katin zango na biyu, misali, ba ya buƙatar fiye da haka: hanta, mako guda, ba alama, dubbai, jajayen ƙwayoyi, kwana biyu, rawar sanyi. Sunaye da shekaru da lambobi ne kaɗai za ki rubuta cikakku. Jimlar farko da ta ƙarshe su ne na yarda ki haddace, domin a tashi da sauka ne tsoro ya fi kama mutum.

Na taɓa zama a bayan wani aji ina kallon ɗalibai suna gabatarwa. Wata ta fito da doguwar takarda, rubutu cunkus gaba da baya. Bayaninta yana da kyau, amma tun daga farko har ƙarshe tsakar kanta muka gani, takardar kuma tana kaɗawa har muna jin motsinta. Wadda ta biyo ta da katuna uku ta zo. A tsakiya ta manta, ta yi shiru, ta duba katin, ta ɗago ta ci gaba. Shirun nan bai kai a ƙirga uku ba, ban ma ga wanda ya lura ba. Har yau ina iya faɗa miki abin da ta biyun ta bayyana.

Gwaji kuma da murya ake yinsa, a tsaye, agogo yana tafiya. Bita a zuci ba gwaji ba ne, domin a zuci harshe ba ya sarƙewa. Tun 1885 wani masanin halayyar ɗan'adam ɗan Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa maimaicin da aka rarraba a kwanaki ya fi zama a ka fiye da wanda aka tara a zama ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki ba kanki kwana uku na yanka da jerawa, ki koma wurin malam da jimlarki da batutuwa ukun, ki kuma roƙe shi ya nuna miki yadda ake raba makin, don ki san abin da yake dubawa. Daga nan kullum ki yi jawabin sau biyu ko uku. Kada ki damu in kalmomin yau sun bambanta da na jiya, haka ake so. A rana ta biyar ko ta shida ki jingine wayarki ki ɗauki kanki a bidiyo. Kallon farko ba daɗi, kowa haka yake ji da muryarsa, amma ki daure. A nan za ki ji inda kike sauri, inda "am" da "to" da "wato" suka yi yawa, ki ga ko kina lilo da jiki. Ki gyara abu ɗaya a kowane gwaji. Ki nemi jawabin ya riƙa tsayawa a minti biyar da rabi, domin a ranar akwai jiran hankalin mutane, akwai nuna hoto, kuma wasu malaman suna rage maki in an zarce lokaci.

Rawar hannun nan da ta dame ki, aikin sinadarin adiranalin ne. Jiki ya ga idanu a kansa, ya ɗauka haɗari ne, sai ya ƙara bugun zuciya, baki ya bushe, yatsu su yi rawa. Ba alamar kin kasa ba ce, kuma waɗanda suka shekara suna jawabi ma suna jin ta. Bincike biyu za su yi miki amfani. A 2003 Kenneth Savitsky da Thomas Gilovich sun gano cewa masu jawabi suna zaton tsoronsu ya fito fili fiye da yadda masu kallo suke ganinsa, kuma waɗanda aka sanar da su wannan kafin su tashi sun fi yin jawabi mai kyau. Ga shi na sanar da ke. A 2014 kuma Alison Wood Brooks ta Jami'ar Harvard ta nuna cewa waɗanda suka ce wa kansu ɗoki suke yi kafin jawabi sun fi burge masu sauraro a kan waɗanda suka yi ta cewa hankalinsu a kwance yake. Tsoro da ɗoki bugun zuciya ɗaya suke da shi, ya fi sauƙi ki sauya masa suna da ki ce sai kin kashe shi.

A ranar, ki isa da wuri, ki tsaya inda za ki tsaya ki dubi kujerun tun ba kowa. Kafin a kira ki, ki ja numfashi a hankali, ki fitar da shi a hankali fiye da yadda kika ja, sau uku ko huɗu. Da kin fito, ki dasa ƙafafunki biyu, ki dubi ajin, ki bar daƙiƙa biyu su wuce kafin ki buɗe baki. Ki zaɓi fuska uku, dama da tsakiya da hagu, ki riƙa yi wa kowacce jimla guda. Kati mai kauri ba ya tona rawar hannu kamar falle. In kanki ya ɗauke, kada ki ce "yi haƙuri", kada ki koma farko. Ki dubi katin, ki kama kalma ta gaba.

Kin ce abin ya hana ki barci, wannan ban ɗauke shi da wasa ba. Ina sa ran da zarar jawabin ya ragu ya zama abin da hannu zai iya riƙewa, barcin zai dawo. Amma in kika ga tsoron ya wuce wannan aikin, yana hana ki shiga aji ko yin magana da mutane, ki nemi mai ba ɗalibai shawara a makarantarku ko wani ma'aikacin lafiya. Abu ne da ake taimaka wa mutum a kansa, kuma ana samun sauƙi.

Ƙawayen nan naki biyu, ki sake kiransu saura kwana uku. Wannan karon kada ki tambaye su ko ya yi kyau, za su ce ya yi don suna son ki. Ki gama, ki kife katunanki, ki ce ɗaya daga cikinsu ta ba ki labarin tafiyar ƙwayar daga fari. Inda ta yi tuntuɓe, nan ne gyaranki na ƙarshe yake. In ta kawo sauro, ta kawo hanta, ta kawo jini, ta kuma faɗi dalilin da zazzaɓin ke zuwa yana komawa, ki ajiye katunan ki je ki kwanta.

Allah Ya ba da sa'a, ƙanwata. Ki rubuto mini bayan an gama, ina son in ji tambayar da suka yi miki.